Allon litiyam ko na Gadox: wanne ya dace da hoton niyutiron?

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kana tsara binciken digirinka na biyu a kan ɗaukar hoto da niyutiron, ka tarar alluna iri biyu ake ta ambata, na litiyam da na gadoliniyam wanda 'yan fannin ke kira Gadox, kuma zuciyarka ta karkata ga Gadox don ka karanta cewa hotonsa ya fi fita tas. Abin da ka karanta gaskiya ne, sai dai ina jin tsoron kada ka kashe kuɗin da ka samu da ƙyar a kan kaifin da na'urarka ba za ta taɓa nuna maka ba.

Niyutiron, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke tsakiyar atam, ba shi da caji, don haka kyamara ba ta ganinsa. Dole a sa masa allo a hanya, wanda zai haɗiye shi ya mayar da ƙarfinsa haske, madubi mai karkatar digiri 45 ya tura hasken zuwa kyamara a cikin akwati mai duhu. Duk allunan biyu wannan aikin suke yi. Inda suka rabu shi ne yadda suke kama niyutiron da yawan hasken da suke bayarwa.

Allon litiyam gari biyu ne aka gauraya da danƙo aka shimfiɗa a kan farantin alminiyam. Gari na farko, LiF, haɗin litiyam da fulorin mai yawan nau'in litiyam-6, shi ne tarko. Idan litiyam-6 ya haɗiye niyutiron sai ya tsage gida biyu, tiritiyam da alfa, suna ɗauke da ƙarfin MeV 4.78, wato miliyan 4.78 a ma'aunin ƙarfi na eV. Gari na biyu, ZnS, haɗin tutiya da farar wuta, shi ke ƙyalli idan waɗannan ɓaraguzan suka ratsa shi. In an sa masa ɗan azurfa sai ya ba da shuɗin haske, in jan ƙarfe aka sa sai ya ba da kore, wanda kyamarori da yawa suka fi gani. Niyutiron guda na iya haifar da ƙwayoyin haske kusan 160,000. Wannan haske ne mai yawa, kuma shi ne babban abin alfaharin wannan allo.

Gadox kuwa gari ɗaya ne, Gd2O2S, haɗin gadoliniyam, oksijin da farar wuta, da ɗan sinadarin tabiyam a ciki, shi ne tarkon kuma shi ne mai ƙyallin. Wajen kama niyutiron mai sanyin gudu, litiyam bai kama ƙafarsa ba. A ma'aunin iya kama niyutiron da ake kira ban, litiyam-6 na da 940, gadoliniyam yadda Allah ya halicce shi na da kusan 49,000, nau'insa na 157 shi kaɗai ya haura 250,000. Shi ya sa shimfiɗar maikiron 10 zuwa 20 (maikiron ɗaya bisa dubu ne na milimita) ta ishe shi, alhali allon litiyam yakan kama daga maikiron 50 har zuwa 400. Amma abin da yake fitarwa bayan kamun ƙananan ilaktiron ne masu ƙarfin dubban eV kawai, ba miliyoyi ba, don haka haskensa bai kai ko kusa da na litiyam ba.

A nan kaifin hoto ya shigo. Haske na bazuwa a cikin gari kamar yadda ruwa ke jiƙe yashi, iyakar kaurin allo iyakar faɗin ɗigon da kowane niyutiron zai bari. Allo mai maikiron 200 ba zai raba maka abubuwa biyu da ke tazarar maikiron 20 ba. A cibiyar Paul Scherrer da ke Suwizalan sun yi siririn allon Gadox da tataccen gadoliniyam-157, suka sauko da kaifin hoto zuwa wajen maikiron 5. Aiki ne da ke burge ni ƙwarai. Kuma kada ka ɗauka ƙara wa allon litiyam kauri zai ci gaba da ƙara haske, domin ZnS na tare hasken kansa. In aka wuce 'yan ɗaruruwan maikiron, ƙyallin da ya tashi a can ciki ba ya fitowa waje.

To ga lissafin da nake so ka yi kafin ka zaɓa. Niyutiron ɗin da ke fitowa daga bututun da ke kawo su daga tushensu ba a miƙe suke sak ba. Ana auna miƙewarsu da L/D, wato nisan ramin fitowa zuwa abin da ake ɗauka, a raba da faɗin ramin. In L/D ɗinka 100 ne, abin kuma na nesa da allo da santimita 1, hoton ya riga ya dushe da maikiron 100 tun bai taɓa allon ba. Sannan in kyamararka na da ɗigo 2048 a jere kana kallon faɗin santimita 20, kowane ɗigo ya ci kusan maikiron 98. Ka ga a irin wannan tsari, Gadox mai maikiron 10 ba abin da zai ƙara maka sai duhu da dogon jira.

Sai maganar gamma, haske mai ƙarfi marar ganuwa dangin eksire, wadda ɗalibai suka fi mantawa. Duk inda niyutiron ke fitowa akwai gamma tare da shi. Gadox asalinsa allon hoton eksire ne irin na asibiti, abu ne mai nauyi, yana ganin gamma sosai, sai ta sa wa hoton hazo. Allon litiyam bai cika kula ta ba. Dalilin ɗaukar hoto da niyutiron tun farko shi ne ya ratsa darma da ƙarfe ya nuna ruwa, mai, roba ko saiwar tsiro a cikin ƙasa, abin da eksire ke kasawa. In gamma ta cika hoton, rabin wannan amfanin ya tafi.

Ba zan ɓoye maka aibin litiyam ba. Kaso kaɗan na niyutiron yake kamawa, sauran su wuce, kuma tsabtar hoto na tafiya ne da yawan niyutiron da aka kama, ba da yawan haske kaɗai ba. Yana kuma ci gaba da ɗan ƙyalli bayan an rufe bututu, haskensa na raguwa a wurin da ya daɗe yana shan wuta, shi ya sa kullum ake ɗaukar hoton allo babu komai a gabansa don gyara. Ga shi tataccen litiyam-6 na cikin kayan da ƙasashe ke sa wa ido wajen fitarwa, sai ka ware lokaci don takardu.

Tukunyar nukiliyarmu ta Zariya, NIRR-1 da ke Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004, ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, kuma aikinta mafi girma gano sinadarai ne a cikin samfur da horar da ɗalibai. Kwatanta ta da SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu ko FRM II ta Jamus, masu megawat 20 kowacce. Duk mai tsara hoton niyutiron da ƙaramin tushe, niyutiron kaɗan zai samu, kuma sai ya buɗe rami don su ishe shi, L/D ya faɗi. Ni a wannan hali allon litiyam mai kore zan sa, kaurin maikiron 200 zuwa 300. Gadox ka ajiye shi sai ranar da ka samu lokacin aiki a babbar cibiya, da ƙaramin samfur da zai manne da allo.

Amma ka nemi allon Gadox na eksire ko guda ɗaya tun yanzu, ba shi da wuyar samu. Da shi da injin eksire za ka gwada akwatinka, madubi da saitin kyamara, ka toshe duk kafar da haske ke shiga. Ka turo mini L/D ɗin da kake tsammani da girman samfurinka, mu zauna mu fitar da kaurin tare.