Tsakanin The Dark Side of the Moon da Rumours: wanne ya kamata ka fara mallaka?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce ya samu garmaho mai aiki, amma kuɗin da ke hannunsa ba za su sayi fiye da faifai ɗaya ba, don haka yana so a taya shi zaɓe tsakanin The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd da Rumours na ƙungiyar Fleetwood Mac. Ɗan'uwa, dukansu biyun suna wurina shekaru da dama. Na farkon kawuna ne ya dawo da shi daga karatu a Ingila, ya bar mini shi tare da garmahonsa, na biyun kuma da kuɗina na saya, da farko a kaset, daga baya a faifai.

Idan yawan ciniki kake dubawa, ba zai raba maka gardama ba, domin kowannensu an sayar da fiye da kwafi miliyan 40 a duniya. Bambancin yana cikin yadda cinikin ya zo. Rumours ya fito a watan Fabrairun 1977, ya yi makonni 31 a saman jadawalin Billboard na Amurka, sannan ya karɓi kyautar Grammy ta kundin shekara a 1978. Ya sauko kamar ruwan Agusta, kamar da bakin ƙwarya. Shi kuwa The Dark Side of the Moon, wanda ya fito a watan Maris na 1973, mako ɗaya tak ya yi a matsayi na farko a Amurka, amma ya zauna cikin jadawalin fiye da makonni 700 tsakanin 1973 da 1988, tamkar rijiyar da ake ɗiba rani da damina ba ta ƙafe ba.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai shirin sayen faifai shi ne yadda aka gina kowanne. Pink Floyd sun yi fiye da shekara guda suna kaɗa waƙoƙin The Dark Side of the Moon a gaban jama'a kafin kundin ya fito, kuma sun ɗauke su a situdiyon Abbey Road da ke Landan, tare da injiniyan sauti Alan Parsons. Waƙoƙi goma ne cikin minti 43 ko kusa da haka, amma a kowane gefe na faifan babu tsayawa tsakanin wata waƙa da wata, kowace tana narkewa cikin mai bi mata. Da zarar allura ta sauka, abin da za ka fara ji shi ne bugun zuciya can ƙasa-ƙasa, kuma da wannan bugun ne faifan yake rufewa. A tsakani Roger Waters, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya rubuta baituka a kan abubuwan da ke cin ran ɗan Adam: gudun lokaci, kwaɗayin dukiya, yaƙi, mutuwa, da taɓin hankali, wanda ya shafe su kai tsaye saboda halin da tsohon jagoransu Syd Barrett ya shiga har ya bar ƙungiyar a 1968.

Har yau ina tuna ranar da na fara sauraron sa ni kaɗai a ɗakin kawu bayan sallar isha'i. Sautin ya yi ƙasa har na matso kusa da sifika, sai kawai agogo masu yawa suka kaɗa a lokaci guda a farkon waƙar Time, na zabura har na kusa bugun hannun allurar. Gefen farko yana ƙarewa da muryar Clare Torry, wata mawaƙiya da suka gayyato, wadda ta rera ba tare da furta kalma ba, kuka ne da roƙo da sallamawa duk a murya ɗaya. Fam 30 aka biya ta a wancan zama, kuma sai a 2005, bayan ta kai ƙara, aka sa sunanta cikin mawallafan waƙar tare da ɗan ƙungiyar Richard Wright. Daga nan dole ka tashi ka juya faifan, kuma wannan ɗan shirun yana da amfani, domin yana ba ka damar numfasawa kafin ƙarar tsabar kuɗi ta buɗe gefe na biyu da waƙar Money, wadda aka ɗora a kan bugu bakwai maimakon huɗun da kunne ya saba da shi. Wanda ya tsinci waƙa ɗaya daga cikinsa a waya ya rasa wannan tafiya baki ɗaya.

Rumours kuwa daga cikin rikicin gida aka haife shi. A 1976, lokacin da suke ɗaukar sa a situdiyon Record Plant da ke Sausalito a jihar Kalifoniya, duk 'yan ƙungiyar biyar suna cikin damuwa: auren John McVie da Christine McVie ya mutu, soyayyar Lindsey Buckingham da Stevie Nicks tana wargajewa, shi ma Mick Fleetwood gidansa ba lafiya. Manyan marubuta uku ne a cikinsa, Buckingham da Nicks da Christine, kuma kusan kowa yana yi wa abokin rabuwarsa habaici a waƙa, alhali wanda ake yi wa habaicin yana tsaye a gefe yana kaɗa jita ko yana yin amshi. Wannan ne ya ba waƙoƙin zafi da gaskiya, kuma ban san wani kundi da muryoyi uku suka haɗu da daɗi irin haka a kan maganganu masu ɗaci irin waɗannan ba. Sai dai kowace waƙa daga cikin goma sha ɗayan tana iya tsayuwa da ƙafarta. Shaida ita ce waƙar Dreams, wadda ta sake shiga jadawalin ciniki a 2020 saboda wani gajeren bidiyo a TikTok, kuma matasan da suka kamu da son ta ba su buƙaci jin sauran ba. Tsarin faifan ma ya ɗan cuce shi, domin an cire waƙar Silver Springs ta Nicks saboda ƙarancin wuri.

Zan faɗa maka gaskiya cewa Rumours na fi yawan saurare a rayuwata, a mota da wurin aiki da lokacin da baƙi suka zo, kuma idan kana jin Ingilishi sosai, baitukansa za su fi saurin taɓa ka. Amma kai tambayarka a kan mallaka take, kuma a nan ba ni da shakka: ka sayi The Dark Side of the Moon. Rumours ba ya rasa komai idan ka ji shi ta intanet kafin hali ya samu, shi kuwa ɗayan an yi shi ne domin faifai mai gefe biyu da mutumin da ya zauna ya ba shi hankalinsa. Ko kwalinsa abin riƙewa ne a hannu: baƙi wuluk, babu sunan ƙungiya a fuskarsa, sai gilashi mai kusurwa uku da farin haske ke shiga ya fita da launukan bakan gizo, aikin kamfanin zane na Hipgnosis. Fitowar farko ta zo da fastoci biyu da sitika a ciki, kuma nawa har yanzu akwai fasta ɗaya, duk da cewa ta yage a wajen naɗi.

Idan na hannu za ka saya, ka roƙi mai shi ya sa maka mintunan farko na gefen farko, domin wurin yana da shiru sosai, kuma duk wani ƙarce ko ƙura a nan yake fara bayyana. Ka ɗaga faifan daidai idonka ka duba ko ya lanƙwashe. Idan ka kai shi gida, ka ajiye shi a tsaye cikin rigarsa, nesa da taga da zafin rana, ka kuma goge shi da ƙyalle mai laushi kafin ka ɗora allura, musamman a lokacin hunturu.