Shekara biyu da sabar lasisi ta FlexNet a ƙaramin ofishinmu

Mu goma sha ɗaya ne a ofishinmu da ke Kaduna, injiniyoyi da masu zanen gini, amma lasisi 4 kacal muka iya saya na manhajar da muke lissafin ƙarfin gini da ita. Da dala ake biyan kuɗin, kuma duk mai sana'a ya san yadda canji ya yi da mu. Shi ya sa muka ɗauki lasisin karɓa-karɓa: ana ajiye shi a kwamfuta guda, wato saba, duk wanda ya buɗe manhajar a teburinsa sai ya ari ɗaya, in ya rufe ya mayar. Abin da ke riƙe da wannan rabon shi ne FlexNet Publisher, wanda tsofaffin hannu har yau suke kira FLEXlm, sunansa na asali. Yanzu shekara biyu ke nan ina kula da shi, ni da ba karatun kwamfuta na yi ba, kuma ina ganin na san shi sanin da zan iya faɗin ra'ayina.

A taƙaice, na gamsu da shi ƙwarai. Sai dai wata huɗun farko mun sha wuya, kuma wuyar daga wajenmu ta fito, tare da takardar bayani mai shafi ɗaya da dillalin da ya sayar mana ya haɗo mu da ita.

Takardar ta ce a buɗe ƙofa mai lamba 27000 a katangar tsaron sabar, shi ke nan. Ga wanda bai saba ba: kowace kwamfuta tana da ƙofofi masu lamba, waɗanda masu sana'ar ke kira fot, kuma ta cikinsu manhajoji ke magana da juna. Katangar tsaro, wato fayawol, ita ce mai gadin da ke cewa wannan ƙofa a buɗe, waccan a rufe. Wanda ya girka mana ya buɗe 27000, abu ya ƙi. Ya yi 'yan dube-dube, ya ƙara buɗe wata lamba mai dubu hamsin da wani abu, abu ya tashi, muka sallame shi da godiya. Kwana uku muna aiki lafiya lau. Ran na huɗu aka ɗauke wuta da daddare, batirin inbata ya ƙare, saba ta mutu. Da safe muka kunna, kowa ya buɗe manhaja sai saƙon kuskure: an kasa isa ga sabar lasisi. Ga saba a kunne, ga fitilarta tana walƙiya, ga zanen wani bene da za mu miƙa kafin azahar.

A waya mutumin ya ce mu kashe katangar gabaki ɗaya. Muka kashe, komai ya dawo daidai. Haka muka zauna wata huɗu, kuma raina bai taɓa kwanciya ba. A kan wannan kwamfutar muke ajiye zanen mutane da takardun kwangila. Baƙi suna zuwa su roƙi lambar sirrin wayfay, 'yan hidimar ƙasa suna zuwa da laftof ɗinsu da ba mu san abin da ke ciki ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa bangon ne ma muka rushe da hannunmu don a samu a yi aiki.

Wani matashi da ke kula da kwamfutocin ofishin maƙwabtanmu ne ya warware mana. Bai taɓa katangar ba tukuna. Ya buɗe LMTOOLS, ƙaramar manhajar da ake sarrafa sabar da ita a Windows, ya nemo fayil ɗin da sabar ke rubuta duk abin da ya faru, ya ja ni kusa da allo.

"Injiniya, duba nan. Ka ga wannan layin? Jiya lambar dubu 51 ce da wani abu. Yau kuma duba ta ƙasa."

Na duba. Lambar ta canja.

"Yallaɓai, ma'aikata biyu ne a cikin sabar nan. Kai na farkon kawai aka nuna maka."

Bayaninsa ya zauna mini har yau. Na farko sunansa lmgrd. Shi kamar ɗan aike ne a bakin zaure: yana jira a ƙofa ɗaya daga 27000 zuwa 27009, in kwamfutarka ta zo sai ya gaya mata inda za ta sami mai rabon lasisin. Na biyun shi ne mai rabon, kuma kowane kamfanin manhaja da nasa. Shi ke ba da lasisi, shi ke karɓa, shi ke ƙirga nawa suka rage. In ba a tsayar masa da lamba ba, duk lokacin da aka sake kunna saba sai Windows ta ba shi wata ƙofar da ta samu a sake, galibi tsakanin 49152 da 65535. Ashe mai girka mana ya buɗe lambar da ya gani a ranar ne, da wuta ta ɗauke sai mai rabon ya koma wata ƙofar, katanga kuwa ba ta san da ita ba.

Gyaran bai kai minti ashirin ba. Fayil ɗin lasisi rubutu ne zalla, ana buɗe shi da Notepad. A layin da ya fara da SERVER akwai sunan kwamfutar da lambar katin sadarwarta, a ƙarshe ya rubuta 27000 don kada lmgrd ya yi ta yawo cikin goman nan. A layin da ya fara da VENDOR ya ƙara PORT=27010. Ya ce da gangan ya zaɓi wadda ke wajen jerin 27000 zuwa 27009, don in wata rana mun ƙara wata manhajar mai irin wannan saba kada su yi karo. Ya gargaɗe ni kada in taɓa layukan da ke ƙasa, masu dogayen lambobi, domin suna ɗauke da sa hannun kamfani, harafi ɗaya ya canja lasisin ya lalace. Sannan ya tsayar da sabar cak ya sake tayar da ita, ya ce umarnin sake karanta fayil kawai ba ya isa idan lambar ƙofa aka canja.

Daga nan ya kunna katangar, ya rubuta mata doka guda ta shigowa: TCP, wato tsarin aika saƙo da sabar ke amfani da shi, ƙofa 27000 da 27010, kuma daga kwamfutocin cikin ofis kaɗai. Ya je teburin abokiyar aikina, ya buɗe PowerShell, inda ake rubuta wa Windows umarni, ya rubuta Test-NetConnection da sunan sabar da lambar ƙofa don ya gwada ko ƙofar a buɗe take. Amsa ta fito True. Ya gwada ta biyu, True. Ya ce, "Hajiya, bismillah, buɗe aikinki." Ya buɗe. Don in tabbata, da kaina na kashe sabar na sake kunnawa sau biyu, lambar ba ta motsa ba.

Ba kowace manhaja ke da wannan halin ba. Mai rabon Autodesk, adskflex, an san shi da 2080. SolidWorks na amfani da 25734 da 25735. Waɗanda ke kan Sentinel, wani tsarin lasisi da ba FlexNet ba, kuma wata duniya ce daban, a can za ka ji ana maganar 1947, ko 5093 ta UDP, wani tsarin aika saƙo da ba TCP ba. Abin da ya kamata mutum ya tambayi dillalinsa tun kafin ya biya shi ne ƙofa nawa ce, kuma wacce ce ba a tsaye take ba. Da namu ya ƙara layi ɗaya a takardarsa, da bai bar mu wata huɗu a tsirara ba.

Sau biyu abin ya sake tsayawa bayan haka, duk a rana ɗaya, ranar da muka canja rauta. Windows ta ga sabuwar hanyar sadarwa ta ɗauke ta a matsayin ta jama'a, irin ta otal ko filin jirgi, dokarmu kuwa an rubuta ta ne don hanyar cikin gida. Na mayar da ita yadda take. Sai kuma sabuwar rautar ta ba sabar wani adireshin IP daban, kwamfutoci uku suka ci gaba da neman ta a tsohon gida. Tun ranar na keɓe mata adireshi na dindindin a cikin rautar. Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne cewa sunan sabar ma yana da muhimmanci: ko da adireshi ka nuna wa kwamfuta, in ba ta iya gane sabar da sunanta ba, tana iya isa wurin ɗan aike ta kasa ƙarasawa wurin mai rabo.

Abin da ya sa nake son wannan tsari shi ne komai a fili yake. Fayil ɗin tarihin nan yana rubuta OUT idan an ari lasisi, IN idan an mayar, DENIED idan an hana wani, da sunan mutum da kwamfutarsa da lokaci. Da can in lasisi ya ƙare sai a yi ta zagaya tebura ana tambayar wa ya riƙe. Yanzu umarnin lmstat -a kawai nake rubutawa in ga wanda ya riƙe. Lambobin kuskuren ma na haddace waɗanda ke yawan fitowa: -15 an kasa haɗuwa da sabar, -97 mai rabon ne ya faɗi, -4 kuwa babu abin da ya lalace, lasisin ne duk suna hannun mutane.

Wannan na ƙarshe ya fi damun mu ranar Juma'a. Mutum zai bar aikinsa a buɗe ya tafi masallaci, daga can ya wuce cin abinci, lasisi na maƙale a teburinsa yayin da wata ke son ƙarasa lissafinta. Akwai ƙaramin fayil na zaɓuɓɓuka da ake haɗa wa mai rabon. A ciki na rubuta TIMEOUTALL 1800, ma'ana in kwamfuta ta yi shiru na daƙiƙa 1800, rabin awa ke nan, a karɓe lasisin a mayar cikin tukunya. Wannan yana aiki ne idan kamfanin manhajar ya ba da damar hakan, namu ya bayar. Na kuma keɓe lasisi ɗaya da RESERVE ga babban injiniyanmu mai duba aiki na ƙarshe kafin a sa hannu. An ɗan yi gunaguni a makon farko, amma kowa ya ga dalilin. Mai tafiya wurin aiki a Zariya ko Kafanchan kuma yana iya aron lasisi na 'yan kwanaki a laftof ɗinsa, ya yi aiki a can ba tare da wata sadarwa ba.

Oganmu ya taɓa cewa a buɗe ƙofofin nan ta rauta zuwa intanet don ya riƙa aiki daga gida. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan kam a yi haƙuri." Sabar lasisi an yi ta ne don cikin gida, in ka fito da ita titi duk mai yawon neman ƙofa a buɗe zai same ta. Muka kafa masa VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta cikin intanet, yana shiga kamar yana zaune a ofis. Saƙonnin da ke tsakanin kwamfuta da sabar ƙanana ne ainun, ko da datar waya yana wadatarwa.

Na san duniya tana barin wannan tsari. Autodesk tun 2020 ta kama hanyar ɗaura lasisi a kan sunan mutum, ya shiga da imel ɗinsa, wasu kamfanonin ma sun bi. Ga ofishin da kowa ke da nasa lasisin, hakan ya fi sauƙi. Mu da muke raba 4 tsakanin mutum 11, kuma intanet ɗinmu kan ɗauke rabin yini, sabar da ke ƙarƙashin tebur ta fi mana rufin asiri, domin in dai akwai wuta a ofis aiki ba ya tsayawa.

Abu ɗaya ke gabana yanzu. Kwamfutar ta tsufa, fankarta ta fara ƙara, kuma lasisin a ɗaure yake da lambar katin sadarwarta. Sabuwa ba za ta karɓi tsohon fayil ba, sai kamfani ya fitar mana da wani a kan sabuwar lambar. Na riga na rubuta wa dillali tun kafin ta mutu. A jikin tsohuwar kuwa akwai takarda da na manna da salatif, mai ɗauke da sunan sabar, adireshinta, 27000 da 27010, wadda zan ɓamɓare in mayar jikin sabuwar ranar da ta iso.