Tsohuwar sifika mai om 4: wace amfilifaya ce za ta iya da ita?

Ranar babbar Sallar bara, ana tsakiyar suyar nama a gidanmu a Nima, cikin Accra, risibar (amfilifaya mai haɗe da rediyo) da na saya wata biyu kafin nan ta yi ƙas ta ɗauke. Na kashe na kunna, ta yi minti goma ta sake. A na uku sai ƙaurin ƙonanniyar roba ya danne ƙamshin naman. Bayan Sallah na naɗe ta a buhu na hau tirotiro zuwa Zongo Lane, wurin wani dattijo mai gyaran kayan sauti. Ko murfin bai buɗe ba ya ce, "Ɗana, wace sifika ka ɗaura mata?" Na ce, "Baba, tsofaffin Braun ne na kawuna, tun daga Jamus ya zo da su." Ya ce, "Ka taɓa juya bayansu ka karanta?" Ban taɓa ba. Da na koma gida na juya, ga shi ɓaro-ɓaro: 4Ω, wato om 4. A bayan risibar kuwa an rubuta 8 zuwa 16.

Mutane da yawa a Accra suna da irin waɗannan sifikoki, ko na gado ko na kayan hom-yus, wato gwanjon ƙasashen waje, da ke saukowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Na Jamus, irin su Braun da Heco da Grundig da Telefunken, galibinsu om 4 ne, haka masana'antun can suka saba yi. Daga Amurka ma akwai AR-3a ta kamfanin Acoustic Research, wadda ta fito a 1967, ita ma om 4. Wanda ya mallaki ɗaya daga cikinsu ya shiga kasuwa yana tambayar "wat nawa ce?" to ya ɗauko tambayar da ba ita ba ce a gaba.

Om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da amfilifaya ke turo mata. Ƙaramar lamba, ƙaramar tarewa, wuta mai yawa ke kwarara. Kamar tankin ruwa ne a kan rufi: ka sa masa siririn bututu ya daɗe yana ba ka ruwa, ka sa mai faɗi ya zuƙe shi nan da nan. Lissafin ba wuya. Amfilifayar da ke ba sifika mai om 8 wat 50 tana fitar da bolt 20 da amfiya 2.5 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke kwarara ce). Ka ɗaura mata mai om 4 ba tare da ka taɓa maɓallin ƙara ba, sifikar za ta nemi amfiya 5, ninki biyu ke nan. Wannan ƙarin daga taransifoma zai fito, ta cikin taransistoci zai bi, kuma zafi zai zama. In an gina na'urar don haka, lafiya lau. In ba haka ba, ko ta riƙa ɗaukewa don kare kanta, ko ta yi abin da tawa ta yi.

Wani abin kuma, lambar da ke bayan sifika kimantawa ce kawai. Tarewar tana hawa da sauka gwargwadon sautin da ke fita, kuma sau da yawa wajen bas take yin ƙasa. Mai om 4 tana iya sauka 3 ko ƙasa da haka. Akwai Infinity Kappa 9 ta ƙarshen shekarun 1980, wadda ta yi ƙaurin suna wajen kashe amfilifaya saboda takan sauka ƙasa da om 1. In takardar bayan sifikarka ta goge, ari mita ka auna bakin wayoyinta biyu. In ta nuna wajen 3, mai om 4 ce. In ta nuna 6 ko kusa da haka, mai 8 ce.

To me za a saya? Abin da ya fi cika shagunan hom-yus daga Lapaz har Circle shi ne risibar sinima, mai bakin sifika biyar ko bakwai da ramuka birjik a baya. Tana da araha, tana da rimot, fuskarta na walƙiya, shi ya sa na faɗa. Matsalarta, taransifoma guda ce aka raba wa duk waɗannan hanyoyin, ƙarfen da ke shanye zafi kuma ɗan siriri. Masu sauƙin kuɗin cikinsu om 6 ko 8 aka yi su dominsa. Manyan cikinsu masu nauyi suna iya ɗaukar 4, amma sai ka ga an rubuta. Wasu suna da ɗan makunni a baya na zaɓen 4 ko 8. Kada ka ɗauka yana ƙara ƙarfi ne: rage bolt yake yi don na'urar ta rage zafi. Turawa masu sanyin gari suna gardama ko a taɓa shi ko a bari. Mu da ke zaune a ɗakin kwano a watan Maris, ni dai a 4 nake barinsa.

Sai tsofaffin risibobi masu fuskar azurfa na shekarun 1970, irin su Marantz da Pioneer da Sansui da Kenwood. Waɗannan su ne sa'o'in sifikar, kuma duk wanda ya taɓa ganin fitilar Marantz 2270 mai shuɗi a ɗaki da dare ya san abin da ke jan mutane. Manyansu ba wasa: Pioneer SX-1250 ta 1976 an rubuta mata wat 160 a om 8, wat 200 a om 4, kuma nauyinta ya kusa kilo 30. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, sai dai wannan zumar ta doshi shekara hamsin. Kafasitocinta sun bushe, iskar teku ta ci ƙarafan ciki, ƙurar hunturu ta cika maɓallai. Ka saya da niyyar cewa kuɗin gyara na biye, kuma ka san mai gyaranka tun kafin ka biya. Ka tambaya ko taransistoci ne a ƙarshenta ko ƙunshin STK na Sanyo, wanda ke haɗe su cikin dunƙule guda. An daina ƙera waɗannan ƙunsoshin da daɗewa, jabu sun cika kasuwa, ga shi om 4 yana gasa su. In ya ƙone, ka shiga yawon nema.

Abin da zan ba yawancin mutane shawara shi ne amfilifaya mai hanya biyu kawai, hagu da dama, wadda masu ita suka rubuta mata om 4 ba kwana-kwana. Misalin da ya fi nuna cewa ba girin-girin ba, ta yi mai, shi ne NAD 3020 ta 1978. Wat 20 kacal aka rubuta mata, amma ta yi suna ne saboda tana tuƙa sifikoki masu wahala waɗanda suka gagari masu manyan lambobi. Harman Kardon ma sun daɗe suna gina nasu kan yawan amfiya, haka Rotel. In kana son sabuwa da garanti, jerin A-S na Yamaha suna karɓar om 4. Ga dabarar karanta takarda: nemi lambobi biyu, wat a om 8 da wat a om 4. In ta biyun ta haura ta farko da rabi ko fiye, taransifomar tana da ƙashi. Adcom GFA-555 ta tsakiyar shekarun 1980 ke nan, wat 200 a om 8, wat 325 a om 4. In ba a ambaci om 4 ba sam, shirun nan amsa ce. Lambar RMS ake dubawa, wato wat ɗin da na'urar ke iya bayarwa a ɗore. Wadda aka manna da manyan haruffa PMPO, wat dubu kaza a kan akwatin da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, ado ce.

Akwai kuma amfilifayar masu kiɗan biki da ta masallaci. Don ɗaukar nauyi aka yi su: Crown XLS 1002 tana ba da wat 350 a om 4, har om 2 tana ɗauka. In Kappa 9 ce ta faɗo hannunka, ta nan zan fara dubawa. Amma da yawansu suna da fanka mai ƙara wadda za ta dame ka da dare, ba su da wurin zaɓen rediyo ko faifai, kuma ƙarfinsu ya fi ƙarfin tsohuwar sifika nesa. Yaro ɗaya ya murɗa maɓalli, shi ke nan.

Ƙananan na zamani masu girman tafin hannu, irin Fosi da Aiyima da ake odarsu ta intanet, sun ba ni mamaki. Da yawansu guntun TPA3255 na Texas Instruments ne a ciki, ba sa zafi sosai, kuma om 4 bai dame su ba. Ka dubi akwatin wutar da ke biye da su, kada ka dubi kwali. In an rubuta masa bolt 32 da amfiya 5, wat 160 ke nan gaba ɗaya da za a raba wa sifika biyu, ko da kwalin ya ce 300 sau biyu. Ga ɗaki ciki da falo wannan ya wadatar. Illarsu, in sun mutu ba kasafai ake gyarawa ba, kuma ba su da wurin garmaho sai ka ƙara wata na'ura.

Kowacce ka zaɓa, juya bayanta ka duba wutar da take ci kafin ka soka. Ta ECG, kamfanin wutar Ghana, bolt 230 ce. Kayan Ingila masu 240 da na Jamus masu 220 suna aiki kai tsaye. Na Amurka 120 ne, na cikin gidan Japan 100, kuma soka su a bango ba taransifomar rage wuta mutuwarsu ce nan take. Taransifomar ragewar ma ta fi abin da na'urar ke ci girma sosai, in ba haka ba ita za ta shaƙe amfiyar da kake nema. Risibar cikin gidan Japan tana da wani abin haushi: tsohon zangon FM ɗinsu daga 76 zuwa 90 yake, don haka gidan rediyon Marhaba da ke 99.3 ba za ka taɓa kama ta ba. Da dumso kuma, wato yawan ɗauke wuta, in an ɗauke wuta zare filogi, don dawowarta ce ke ɓarna.

Ranar saye, zuwa da kai ya fi aike. In da hali ɗauki sifika ɗaya a tasi ka je da ita. Mai shago zai ce, "Masta, wannan ba ta da matsala, jiya ta sauka," zai kuma kunna maka ita minti biyu da ƙaramar sifikarsa mai om 8. Ce masa a bar ta rabin awa da taka, da waƙa mai bas. Sannan ɗora tafin hannu a kan murfin. Ɗumi ba komai, amma in ba ka iya barin hannun, bar masa kayarsa. Ɗaga ta ma: a cikin tsofaffin, nauyin da ya rinjaya gefe guda taransifoma ce, kuma ita kake saye. In kana da mita, cire sifikar, rage ƙara zuwa sifili, auna wutar DC, wato irin ta batir, a bakin wayoyin. Ƙasa da milibolt 50 lafiya, in ta kai ɗaruruwa akwai gyara a gaba. Wannan awon na masu taransisto ne. Masu kwalba, wato na da masu fitilun gilashi a madadin taransisto, ba a kunna su ba sifika a jiki, su kuma suna da bakin om 4 nasu daban a baya.

A gida, kada ka danna maɓallan zaɓen sifika A da B tare don ka ƙara wasu sifikokin a tsakar gida. Om 4 biyu a haɗe om 2 suke zama, om 4 da om 8 kuma wajen 2.7. Kada ka cusa ta cikin kabad, kada ka ɗora dikoda a kanta, kuma ka roƙi Hajiya ta ɗauke ƙyallen adon da take rufe ta da shi. In sauti ya fara tsagewa, rage. Ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa ta fi babba saurin ƙona tuwita, wato ƙaramar sifikar siririn sauti, kuma tuwitar Braun ta asali ba a Zongo Lane za ka same ta ba.

Ni a ƙarshe tsohuwar NAD na samu, mai fenti a goge da maɓalli ɗaya da ba nata ba. Dattijon ya canza mata kafasitoci huɗu, ya wanke maɓallan, ya gwada ta awa guda a gabana kafin ya karɓi kuɗinsa. Ƙonanniyar risibar tana nan ƙarƙashin teburinsa, yana cire mata sukurori.