Firintar Epson L121 ko L3250: wacce za ta sha ragowar tawada mai lamba 664?

Wa alaikumus salam Malam. Ka tambaya wacce za ka saya tsakanin L121 da L3250. Tun da ka ce tsohuwar firintarka L382 ta mutu ta bar maka kwalaben tawadar 664 har guda takwas, ni dai L121 zan ce ka ɗauka.

Ita nake amfani da ita a shago. Lokacin da tsohuwar L220 ɗina ta gaji, akwai kwalabe cike da aljihun tebur, biyu na baƙar tawada ko ledarsu ban yage ba. Na kawo L121 na buɗe tankinta na zuba abin da nake da shi, ta karɓa kamar tun asali nata ne, don duk 664 suke sha, har da babbar nan L1300 mai buga A3. Makon jarrabawar zangon ƙarshe wata makarantar Islamiyya ta unguwarmu ta kawo min takardun tambayoyi na aji shida. Daga la'asar har bayan isha tana aiki a kan ƙaramin janareto, ni kuma ina gefe ina ƙara mata takarda, saboda wajen sa takardar bai da girma, kaɗan-kaɗan take ɗauka. Ba ta da sauri, wannan gaskiya ne, sai ka sha shayi ka dawo. Amma har muka gama layi ɗaya bai tsallake ba, baƙin tawadar kuma ɗan kaɗan ya sauka.

Abin da za ka rasa a L121 shi ne gilashin sama, wanda ake ɗora takarda a yi fotokwafi. Bugu kawai take yi, ba fotokwafi, ba sikanin, ba Wi-Fi, sai dai a haɗa ta da kwamfuta ta igiyar USB. Hoto ma ba fanninta ba ne, kar ka ce za ka buga fasfo ko hoton biki da ita. Ni da waya nake ɗaukar hoton takarda in tura kwamfuta in buga, kuma yana biya min buƙata.

L3250 kam tana da duk waɗannan, har da Wi-Fi, ba zan ce mata komai ba. Sai dai tawada mai lamba 103 take sha. Bakin kwalbar 103 an yi masa ƙira irin ta makulli, kowace kala sai ramin tankinta, kwalbar 664 ba ta zama a kai. Kwalbar ma mililita 65 ce, ta 664 kuwa 70. Za ka ji masu gyara suna cewa a zuƙa da sirinji a ɗura, ai duk tawada ce. Wasu suna yi. Ni ba zan yi wa sabuwar na'ura mai garanti haka ba. In ka saye ta, kwalabenka takwas sai dai ka nemi mai tsohuwar Epson ka karyar masa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu cewa "ta hannu ce, kamar sabuwa". Na taɓa faɗawa. Wani ya sayar min da wata tana ƙyalli, ashe soson da ke tsotse tawadar wanki a cikinta ya cika, manhaja kawai ya sa ya goge lissafin don fitila ta daina ƙiftawa. Wata biyu tawada ta fara tsiyaya a kan tebur, ta ɓata min rasit na mutane. Da na koma sai ya ce ai ni na zuba mata gurɓatacciya. Ko sabuwa ce, a buɗe kwalin a gabanka, ka duba lambar jikinta ta dace da ta kwali, a rubuta maka ita a rasit. In ta hannu ce, a buga takardar gwajin layuka kana tsaye, kala huɗun duk su fito ba yankewa, kafin kuɗi ya bar aljihunka.

Su ma kwalaben naka ka duba kwanan watan da ke jikinsu. Wadda aka buɗe ta daɗe a ajiye cikin zafi da ƙurar hunturu, ko ka ga ta yi gudaji a ƙasa, zubar da ita, don ita ce ke toshe kan na'ura mai fesa tawada. Ka fara da waɗanda suke a rufe, kuma ko ba aiki ka riƙa buga shafi ɗaya mai kala duk mako.