Wasiƙa zuwa ga Yaya: aikin mako na hukumar ƙaramin garinmu na bakin teku

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. A gaishe min da Hajiya, a ce mata sanyin ya fara sauƙi, ta kwantar da hankalinta.

Ran nan a waya ka tambaye ni abin da ma'aikatan hukuma suke yi a nan daga Litinin zuwa Juma'a. Na san ba tambayar fatar baki ba ce, tunda kai ka ƙarar da ƙuruciyarka a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maka a tsanake.

Garin da nake zaune yana gaɓar Tekun Atlantika, a jihar Maine, can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka inda ta yi iyaka da Kanada. Lokacin zafi baƙi masu yawon buɗe ido suna cika shi maƙil, da hunturu kuwa sai ya yi tsit, daga masunta sai tsofaffi sai irinmu masu aikin kula da su. Mutanensa ba su kai na mazaɓar kansila ɗaya ta cikin birni a gida ba, amma yana da hukumarsa da kasafin kuɗinsa. Babu ciyaman. Mutanen gari suna zaɓen ɗan ƙaramin kwamiti, kowa a cikinsu da sana'arsa ta cin abinci, su kuma su ɗauki ƙwararre aiki a matsayin manajan gari. In bai yi abin kirki ba su sallame shi. Duk ƙarshen mako wannan manajan yana fitar da rahoto, shafi biyu ko uku, inda kowane shugaban sashe ya faɗi abin da yaransa suka yi. An yashe kwalbati a titi kaza. An canja wa tifa birki. An gyara fitilar bakin makaranta. An gwada ruwan famfo. Babu ƙaddamar da komai, babu yanka kirtani. Wannan takardar ce ta fi komai tsaya min a rai, domin aikin da ake lissafawa a cikinta irin naku ne sak, wanda ba a ganinsa sai ranar da aka daina yin sa.

Bari in fara da mutanenka. Da hunturu, in aka ce dusar ƙanƙara na tafe, ma'aikatan sashen ayyuka ba su da dare ba su da rana. Akwai wata asuba da na fito zan tafi aiki wajen ƙarfe huɗu, ƙanƙara ta rufe titi har ba ka gane inda kwalta ta ƙare. Ina tsaye ina tunanin yadda zan fitar da mota sai ga hasken fitila ruwan ɗorawa yana walƙiya daga kan kwana. Tifa ce, an ɗaura mata faffaɗan ƙarfe a gaba kamar bakin gireda, tana ture ƙanƙarar gefe, ta baya kuma wani faifai yana juyawa yana watsa gishiri da yashi. Direban ya ɗaga min hannu, na ga kofin shayinsa a gaban gilashi, idonsa jajur. Na tabbata bai runtsa ba. Kowane direba da layinsa da ya sani, ana fara buɗe manyan hanyoyi da hanyar motar makaranta, sannan a shiga lunguna. A irin wannan daren an hana ajiye mota a bakin titi, wanda ya yi kunnen ƙashi kuwa sai ya je ya biya ya karɓo motarsa inda aka ja ta. A harabar sashen akwai tulin yashi gauraye da gishiri da aka ware wa mutanen gari, ka je da bokitinka ka ɗiba kyauta ka zuba a ƙofar gida saboda santsi.

Abin da zai fi burge ka shi ne abin da ke biyo baya. Ruwan da ya shiga ƙarƙashin kwalta yana daskarewa ya kumbura ya ɗaga titi, in ɗumi ya zo wajen watan Maris ya narke, ƙasan ta yi laushi kamar kunu. A wannan lokacin sai su bi ƙananan hanyoyi suna manna takardu ruwan lemo a jikin turaku, an hana manyan motoci masu nauyi bi har sai ƙasa ta tsane. Mai katako da mai kankare duk haƙuri suke yi. Nan na tuna ƙorafin da kake yawan yi, cewa a gama titin unguwa yau, gobe tsakiyar damina tireloli su bi ta kai, shekara ba ta zagayo ba ya farfashe, kuma a ce laifin injiniya ne. Bayan haka sai sharar yashin da aka zuba duk tsawon hunturu, don kada ruwan sama ya kwashe shi ya toshe magudanai. Sai kuma wata mota mai ƙaton tiyo ta bi ramukan lambatu ɗaya bayan ɗaya tana zuƙe laka. Kowane rami da lambarsa a taswira. Yasar kwata a nan tana da watanta a kalanda, ba a jiran sai ruwa ya shiga ɗaki.

Kada ka ɗauka shirin nan yana hana ƙaddara. A ranakun 10 da 13 ga Janairun 2024 guguwa biyu suka afka wa gaɓar Maine a jere. A ta biyun, tekun ya kai ƙafa 14.57 a ma'aunin birnin Portland, ya wuce na 1978 da aka daɗe ana ba da labarinsa. Kafin ta iso na ga ma'aikata suna datse hanyoyin bakin ruwa suna jera buhunan yashi, amma da ruwan ya tumbatsa bai bar komai ba. Da ya janye, duwatsu da ciyawar teku ne fal a kan kwalta, dandamalin katako da masunta ke sauke kaya a kai ya kakkarye, wasu rumfunan ma teku ya tafi da su ɗungurungum. Abin da na lura da shi shi ne, tun ranar farko akwai mai ɗaukar hoto da mai rubuta awannin kowane lebura da na kowace mota. In aka ayyana bala'i, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, tana biyan aƙalla kashi 75 cikin 100 na gyaran kayan gwamnati, amma sai ka kawo takarda. Masuntan da wuraren nasu na kansu ne ba sa cikin wannan lissafin, kuma sun sha wuya ƙwarai. Na ga dattijo tsaye a kan guntun katakon da ya gada daga mahaifinsa, ya kasa cewa uffan.

Akwai wani ma'aikaci da ba mu da irinsa a sakatariyarku, wanda da a bakin kogi ne a gida da Sarkin Jirgi za a kira shi. Shi ke raba wa jirage wurin ɗaurewa a cikin ruwa, yana da jerin masu jiran layi, wasu shekaru suke yi suna jira. Teku a nan yana cikowa ya janye sau biyu a yini, tsakanin cikarsa da janyewarsa kusan mita 3, don haka matakalan shiga jirgi a kan ruwa suke yawo. Da kaka a ciro su da ƙugiya kafin ƙanƙara ta ɓalla su, in sanyi ya wuce a mayar. Akwai kuma mai gadin fadamar bakin teku, inda mutane ke tonon wasu halittu masu ɓawo irin na dodon koɗi in ruwa ya janye. In aka yi ruwan sama mai yawa jiha takan rufe wurin na wasu kwanaki saboda dattin da ya gangaro, shi kuma ya bi ya tabbatar ba wanda ya shiga.

Shara kuwa, a garinmu mota ba ta zuwa ƙofar gida. Kai za ka loda taka ka kai wurin tarawa, da sitikar gari a gilashin motarka. Ranar Asabar can ne dandalin gari, a can ake gaisawa, a can 'yan takara suke tsayawa neman ƙuri'a. Kwali da ramin sa, ƙarfe da nasa, batir da fenti daban. A gefe akwai ɗan ɗaki da ake ajiye kayan da ba su lalace ba, mai so ya ɗauka. Tukunyar da nake girki da ita da kujeru biyu na falona daga can suka fito. Kwalba da gwangwanin lemo ba a zubar da su, tun 1978 jihar ta sa musu kuɗin ajiya, yawanci santi 5 na dala kowanne, in ka mayar a ba ka abinka. Aikin da 'yan jari-bola suke yi mana da ƙafa da buhu ke nan, sai dai namu ba wanda ya san da zamansu a hukumance, ga allura da fasasshiyar kwalba suna tonawa da hannu. Wannan yana ci min rai, domin su ne suke rage mana juji.

Ruwan famfo bai kai ko'ina ba. Tsakiyar gari ne ke da shi, gidajen bayan gari da yawa burtsatse gare su da sokawe, kowa da nasa, kamar dai a gida. Bambancin shi ne ba ka haƙa sokawe sai an gwada ƙasar wurin an ba ka izini, kuma akwai tazarar da doka ta sa tsakaninsa da rijiya. Mai ba da izinin shi ne duba-garinsu. Duk ginin da ke cikin ƙafa 250 daga bakin ruwa yana da ƙa'idoji na musamman, ko bishiya ba ka sarewa yadda ka ga dama. Mutanen nan suna alfahari da cewa ɗan jiharsu, Sanata Edmund Muskie, shi ya jagoranci dokar tsabtace ruwa ta 1972, bayan ya tashi a bakin kogin Androscoggin lokacin da masana'antun takarda suka mayar da shi kwata.

'Yan sanda ba su da yawa, rahotonsu bai wuce gudun wuce sa'a da mota ta buge barewa da leƙa tsohon da 'ya'yansa suka kira bai ɗauka ba. 'Yan kwana-kwana kuma akasarinsu 'yan sa-kai ne, kafinta da makanike da malamin makaranta, kowa da na'urar kira a ƙugu. Yawancin kiran da ake yi musu ta lambar gaggawa 911 na rashin lafiya ne, don Maine ta fi kowace jiha a Amurka yawan shekarun mutane a tsakaice. Sun sha zuwa wurin aikinmu cikin dare, kuma ban taɓa ganin sun ɗaga tsoho da gatsali ba. Sai dai su ma tsufa suke yi, samari ba sa shiga, ga shi motar asibitin ba kyauta ba ce, takardar kuɗi tana biyo ka gida, mai nauyi kuwa.

To daga ina kuɗin yake fitowa? Na san nan kake jira. Mafi yawa daga harajin gida da fili ne. Ana yi wa kowane gida ƙima, a sa adadin da za a biya a kan kowace dala 1,000, kuma makaranta ce ke cinye kaso mafi tsoka. Sau ɗaya a shekara ake taron gari a zauren makaranta, a karanto kasafin layi-layi, masu rajistar zaɓe su ɗaga hannu. Ni ba ni da ƙuri'a tunda ban zama ɗan ƙasa ba, amma ba a hana ni zama. A gabana aka yi kusan awa guda ana ja-in-ja a kan sayen sabuwar tifar ture ƙanƙara. Wata tsohuwa ta miƙe da takardar a hannunta ta ce a gaya mata shekarun tsohuwar motar da abin da aka kashe mata bara. Shugaban sashen ya tashi, hularsa a hannu, ya buɗe littafi ya karanta mata. Ta gyaɗa kai ta zauna. Wallahi Yaya, kai na tuna a lokacin, da irin takardun neman kayan gyara da kake rubutawa su kwana a tebur har gireda ta ruɓe a harabar sakatariya. Ƙananan hukumominmu 774 daga asusun tarayya suke jiran kasonsu, kuma duk da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kai tsaye, a ganina ko kuɗin ya iso, sai an samu zauren da tsohuwa za ta miƙe ta yi tambaya a ba ta amsa daga littafi.

Harajin nan fa yana da cizo, ba zan ɓoye maka ba. Masu kuɗi daga Boston da New York suna sayen gidajen bakin ruwa da tsada, ƙimar duk unguwar ta tashi, masuncin da aka haifa a gidan ya wayi gari harajinsa ya fi ƙarfinsa. In ka kasa biya gari yana ɗora wa gidan takardar bashi, in wata 18 ya cika ba ka biya ba gidan na iya fita daga hannunka. Mu 'yan haya ma a kuɗin haya yake riskarmu. Har ma'aikatan garin kansu da yawa ba sa iya zama a cikinsa, daga nesa suke tuƙo mota su zo su share mana hanya. Akwai dai ɗan tallafi da doka ta wajabta wa kowane gari a jihar, a ofishin gari ake nema, na haya ko abinci ko man ɗumama ɗaki, kuma na san waɗanda ya tsamar daga sanyi.

A rahoton wannan makon an ce za a fara mayar da matakalan jirage ruwa, a cire takardun hana manyan motoci a wasu hanyoyin, sannan a canja wani kwalbati da ya yi wa ruwan yanzu kaɗan a sa babba. Hanyar da nake bi zuwa aiki ce, don haka kwana uku zan yi ina zagaye.

Ka taɓa ce min lokacin da ka kama aiki kun tarar da dattawan da suka yi zamanin En'e, masu littafin da ake rubuta aikin leburorin hanya na kowace rana. Don Allah in ka samu sarari ka rubuto min yadda makonku yake tafiya a wancan lokacin, wa ke raba aiki da safe, wa ke duba shi da yamma, da shekarar da ka ga an daina. Ina so in kai wa shugaban sashen ayyuka na nan, don ya tambaye ni yadda ake yi a wajenmu na ce masa sai na tambayi Yayana.

A gaida kowa da kowa. Ƙaninka.