Ajin wasan kwaikwayo na ranar Asabar a Jos: ya dace da kuɗinsa, amma sai mai son karatu

Masu tambayata a kan ajin nan da wata malamar jami'a take yi duk Asabar a wajajen Farin Gada, to ga ra'ayina. Matar lakcara ce, bincikenta a kan adabin 'yan Afirka mazauna ƙasashen waje yake, kuma har yanzu tana hawa dandamali da kanta, ba wai ta tsaya a allo kawai ba.

In kana tunanin za ka je ne a koya maka kuka da harara irin na fim ka wuce Kano, gaskiya ka riƙe kuɗinka. Karatu ake fara ba ka, littattafan marubuta irin su Buchi Emecheta wadda ta bar Legas ta koma Landan a 1962, su Ben Okri da ya ci kyautar adabi ta Booker a 1991, sannan ta ce tashi ka zama mutumin da ke cikin labarin, ka nuna mana yadda wanda bai da kowa a gari yake tsayuwa a bakin ƙofar mai gidan haya. Wallahi sai ka ga ƙato yana rawar murya.

Inda ta saye ni shi ne ranar da ta juyo kan namu. Ta kawo zancen Hausawan zango na Kumasi, da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka ci gaba da tafiya gabas bayan yaƙin Burmi a 1903 har suka kafa Mai Wurno a Sudan, da bayi Musulmi da suka yi bore a Bahia ta Brazil a 1835. Ta sa muka shirya ɗan wasa da Hausa kan tsohuwar da jikokinta ba sa jin yarenta, wata 'yar Anguwan Rogo ta yi tsohuwar, kowa ya yi tsit.

Matsalar dai yawancin takardun Turanci ne mai nauyi, wanda bokonsa bai yi nisa ba zai sha wuya, kuma ɗakin ƙarami ne, ga ƙarar keke daga titi. Ba a fara a kan lokaci in tana da mitin a makaranta.

Ɗaliban tiyata da masu shirin yin digiri na biyu, ku je. Ku tafi da rigar sanyi, tagogin ba sa rufuwa.