Manhajar imel a kwamfuta: wacce za ka zaɓa idan ba ka son rigimar kalmar sirri

Yawancin masu kukan cewa manhajar imel ta ƙi karɓar kalmar sirrinsu, kalmar tasu daidai take. Manhajar ce ta tsufa. Tun 30 ga Mayun 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga Gmail da kalmar sirri kaɗai, Yahoo ya riga shi tun 2020, shi kuma Microsoft ya rufe wannan ƙofa ga masu Outlook.com da Hotmail a ranar 16 ga Satumbar 2024. Abin da suke karɓa yanzu shi ne tsarin OAuth2: manhajar ta buɗo maka shafin kamfanin, ka shiga a can, ka amince, sai a ba ta wani makulli na daban. Saboda haka kafin ka duba kyan fuskar manhaja ko kuɗinta, tambaya ta farko ita ce, shin ta iya wannan? Idan kuma abin ya cije, tana barin ka ka ga inda ya cije?

Da wannan ma'auni, Thunderbird ce a gaba, kuma da tazara. Kyauta ce, wani reshe na gidauniyar Mozilla ne yake kula da ita, ba talla a cikinta, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ka rubuta adireshin Gmail ko Yahoo ko Hotmail, ita za ta nemo saitin da kanta ta buɗo shafin shiga. Babban abin da ya fifita ta shi ne ba ta ɓoye komai. A ƙarƙashin "Server Settings" za ka ga sunan saba (kwamfutar kamfanin da ke ajiye wasiƙunka), lambar ƙofa (port, wato mashigar da ake bi zuwa sabar), irin tsaron haɗi da hanyar tantancewa, kuma kowanne kana iya canza shi da hannu. Ga Gmail, sabar karɓa ita ce imap.gmail.com a ƙofa 993, ta aikawa smtp.gmail.com a 465 ko 587. Ga Hotmail, outlook.office365.com a 993, da smtp-mail.outlook.com a 587. Hanyar tantancewa ta zama OAuth2, kuma a wuri biyu ake saita ta. Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: sun gyara ɓangaren karɓa, sun manta na aikawa yana can ƙasan jerin saitin asusu da nasa saitin, sai wasiƙu su riƙa shigowa amma ko ɗaya ba ta fita, saba tana mayar da kuskure mai lamba 535.

Idan shafin shiga ya buɗe fari fat ko ya yi ta dawowa, je "Privacy & Security" a saitin Thunderbird ka tabbatar an yarda da kukis (ƙananan bayanan da shafin intanet ke ajiyewa a kwamfutarka), domin shafin Google ba ya aiki in an toshe su. Idan kuwa ka canza kalmar sirri kwanan nan, shiga "Saved Passwords" ka goge duk layin da ya shafi asusun, har da wanda ya fara da oauth://, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Mai Hotmail kuma ya fara shiga asusunsa ta burauza ya kunna izinin IMAP (hanyar da manhaja ke bi ta ɗauko wasiƙu daga saba) a cikin saitin wasiƙu, in ba haka ba ko wace manhaja ce za a kore ta. Aibin Thunderbird ɗaya da ya kamata a faɗa: mai Windows 7 iyakarsa siga ta 115, wadda aka daina sabuntawa.

Outlook na cikin Microsoft 365 yana da kyau ga wanda ma'aikatarsa take kan Exchange, tsarin imel na Microsoft na ma'aikatu, kuma shi kaɗai nake ba shawarar ya biya. Sabon Outlook na kyauta da ke zuwa da Windows 11 yana da talla, kuma yana bi da wasiƙun Gmail ɗinka ta sabobin Microsoft. Tsohuwar manhajar Mail ta Windows an janye mata tallafi a ƙarshen Disambar 2024. eM Client ta iya OAuth2, amma ta kyautar asusu biyu ne iyakarta, kuma ba a yarda a yi kasuwanci da ita ba. Apple Mail sai mai Mac.

Akwai kurakuran da ba ruwan manhaja da su. Kwamfutar hannu da ta sha jiki, musamman 'yar kwatano, sau da yawa ƙaramin batirin agogonta ya mutu, sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Da zarar haka ta faru, takardar shaidar tsaro ta kowace saba za ta zama kamar ba ta da inganci. Gyara agogo kafin ka taɓa komai. A kwamfutar tebur batirin CR2032 ne, kuɗinsa kaɗan. Wasu manhajojin riga-kafi ma suna shiga tsakaninka da saba su kawo irin wannan kuskure. Shi kuwa imel na kamfani ko makaranta mai sunan yanki nasa (sunan da ke zuwa bayan alamar @), cikakken adireshi ake rubutawa a gurbin suna, ba abin da ke gaban alamar @ kaɗai ba. Masu iCloud kuma sai sun ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman don manhajar.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Kwamfutoci da yawa ana sayar da su an riga an loda musu Office na sata, galibi 2010 ko 2013. Outlook ɗin da ke cikinsu bai san shafin shiga na Google ba, zai yi ta tambayar kalmar sirri har ka gaji. Ana iya lallaɓa shi da kalmar sirrin manhaja mai haruffa 16 da Google ke bayarwa bayan an kunna tantancewa mai mataki biyu, amma kada ka yi. Wannan kalma tana buɗe akwatinka ba tare da an turo lamba a waya ba, kuma za ka zuba ta ne a manhajar da ba ka san wanda ya taɓa cikinta ba. Ƙananan manhajojin da ake "kunna" Office da su sanannen wurin ɓuyan ƙwayoyin satar kalmomin sirri ne. Akwatin imel kuwa shi ne inda banki da Facebook suke turo hanyar canza kalmar sirri, wanda ya same shi ya sami sauran. Haka lasisin "har abada" da ake tallatawa a farashin katin waya: araha ba ta ado. Ko Office 2016 da 2019 na gaskiya, tallafinsu ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025.

Ita ma Thunderbird ana yi mata jabu. Kada ka sauke ta daga sakamakon farko da ke ɗauke da alamar talla, ko daga filashin wani. Rubuta thunderbird.net da hannunka. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin ta, ɓarawo ne. Idan tagar shiga ta buɗe, duba adireshin da ke samanta kafin ka rubuta komai: accounts.google.com ga Gmail, login.live.com ko login.microsoftonline.com ga Microsoft, da adireshin da ya ƙare da yahoo.com ga Yahoo. Harafi ɗaya ya bambanta, rufe.

Sai masu lambar waya da ke kiran kansu sashen taimako na Gmail ko Outlook. Ka nemi ma'anar lambar kuskure kamar 0x800CCC0E a intanet, za ka iya cin karo da su, alhali wannan lambar cewa kawai take yi Outlook ya kasa kai wa ga saba. Za su ce ka sauke AnyDesk ko TeamViewer don su "duba", daga nan linzamin kwamfutarka ya koma hannunsu. Google ba ya kiran masu asusun kyauta, kuma babu ma'aikacin gaskiya da zai ce ka karanto masa lambar da aka turo maka.

Idan mai gyara ne zai saita maka, zauna kusa da shi ka rubuta kalmar sirrin da kanka. Da ka koma gida, buɗe sashen tsaro na asusun ta burauza, ka duba jerin na'urori da manhajojin da aka ba izini, ka cire duk wadda ba ka gane ba, ka kuma tabbatar ba a saita tura wasiƙunka zuwa wani adireshi ba.